Gaskiya ko Jita-jita: Uwar da Ake Tsoron Jin Takunta

A ƙasar Hausa mutum zai iya cewa ubansa ya yi watsi da su, a girgiza kai a ce Allah ya kyauta. Zai iya cewa kishiyar uwa ta gasa masa aya a hannu, a taya shi Allah-wadai, don tun a tatsuniya muka san 'yar bora da 'yar mowa. Amma ranar da ya ce mahaifiyarsa ce ta cuce shi, kafin ya rufe baki an tari numfashinsa: "Subhanallahi! Uwa ce fa." Zance ya mutu ke nan, kuma shi zai tashi da laifi.

Duk da haka akwai 'ya'yan da suka tashi a hannun uwar da ta haɗa abu uku: duka da zagi marasa iyaka, ji-da-kai irin wanda ba ya ganin kowa sai kansa, da kuma maye. Maganganun da ake rufe musu baki da su kusan iri ɗaya ne daga Kano har Maraɗi, har ma inda ba a jin Hausa. Wasu akwai gaskiya a cikinsu, wasu babu ko ƙwayar zarra.

"Babu uwar da za ta cuci ɗan da ta haifa"

Ga mafi yawan iyaye mata haka abin yake, shi ya sa maganar ke da nauyi. Matar da ta yi goyon ciki da na baya, ta kwana zaune daren zazzaɓi, ba ta neman mai yi mata shaida. Sai dai abin da ya fi yawa daban, abin da ba ya taɓa faruwa daban.

A 2014 Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, tare da UNICEF da cibiyar CDC ta Amurka, ta yi bincike kan cin zarafin yara a faɗin Najeriya. Yara shida cikin goma sun gamu da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18. Ɗaya cikin biyu ya sha naushi, ko harbi da ƙafa, ko bulala, ko ƙuna, kuma iyaye da manyan dangi ne kan gaba wajen yin hakan. Yarinya ɗaya cikin shida da yaro ɗaya cikin biyar sun ce wani babba a gida ya muzanta su da baki, irin a ce ba a son su ko da ma ba a haife su ba. Waɗanda suka samu wani taimako ba su kai biyar cikin ɗari ba. A Amurka, inda ake rubuta wa ya yi me, rahoton gwamnati na shekara-shekara yana nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na yaran da aka tabbatar an cutar, uwa ce ita kaɗai ta yi, adadin da ya zarce na uba shi kaɗai. Ba don mata sun fi maza mugunta ba. Yara a hannunsu suke wuni, kuma sakaci ma yana cikin lissafin. Amma wanda ya ce babu, bai duba ba ne.

"Wannan ciwon Turawa ne, matanmu ba sa sha"

Idan giyar kwalba ake nufi, akwai ƙamshin gaskiya. A jihohin da suka ƙaddamar da shari'a tun 2000, matar aure ba ta da hanyar zuwa mashaya, kuma kowa ya sha ganin Hisbar Kano tana murƙushe kwalabe. Ko da yake burkutu bai bar ƙauyuka da yawa ba, kuma barasar leda ba ta fi a sa ta a jakar hannu ba. Amma maye ba sai da giya ba, kuma a nan ne muka daɗe muna yaudarar kanmu.

A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta fitar da binciken ɓoye kan cinikin maganin tari mai kodin, washegari gwamnatin tarayya ta haramta haɗa shi da shigo da shi. A farkon 2019 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, suka fitar da babban rahoto: mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda, ba a ma lissafa giya da taba ba. Ɗaya cikin huɗu mace ce. Miliyan 2.4 maganin tari suke sha ba don tari ba, kuma a wannan fanni mata sun kusa yin kunnen doki da maza. Jihar Kano kaɗai an ƙiyasta mata kashi 16 cikin ɗari. Mace ɗaya cikin huɗun nan ba duka 'yan mata ba ne. Da yawansu ana kiransu Umma.

Wanda ya san irin gidan zai gane shi. Yarinya 'yar shekara tara ana ba ta takarda a nannaɗe da kuɗi a ce ta kai wa mai kemis, kada ta buɗe. Ta dawo, a juye abin cikin robar lemo, ta yadda ko maƙwabciya ta shigo ba za ta ga komai ba sai mace tana shan sanyi. Kwalaben da suka ƙare suna cikin langar da ke can saman jere, sai dare ya yi a ba yarinyar ta jefa a masai. Azahar ta yi ba a ɗora tukunya ba. Baƙo ya yi sallama, yarinya ta fito da amsar da ta haddace: "Umma ba ta jin daɗi, kanta ke ciwo." Da la'asar abin ya saki uwar, sai a shiga neman wanda ya ajiye tsintsiya ba daidai ba.

Ga giyar kanta, jikin mace bai ɗauke ta kamar na namiji ba. Ruwan jikinta bai kai nasa ba, don haka kofi ɗaya ya fi hawa mata jini, hanta kuma ta fi saurin lalacewa. Idan da ciki, cutarwar ta riga haihuwa. A 1968 wani likitan yara a birnin Nant na Faransa, Paul Lemoine, ya bayyana yara 127 'ya'yan mashaya masu kamanni iri ɗaya da raunin ƙwaƙwalwa, sannan a 1973 likitoci biyu a Siyatil, Kenneth Jones da David Smith, suka raɗa wa larurar suna. Har yau likitoci ba su san wani adadin giya da za a ce ba ya cutar da ɗan tayi ba.

"Ai ba ta dukanku, faɗa ne kawai irin na iyaye"

Faɗan iyaye kowa ya sha shi. An ce mana shashasha, an ce mana mai kunnen ƙashi, ga mu nan. Amma ka saurari waɗannan: "Da na san haka za ki zama, da tun kina ciki na zubar da ke." "Baƙin halin ubanka ka kwaso, ba za ka taɓa zama komai ba." "Wa zai aure ki da wannan fuskar?" A faɗa yau, a faɗa gobe, a faɗa gaban baƙi ana dariya.

Martin Teicher na Jami'ar Habad da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 2006 kan matasa sama da 500. Sun ga cewa zagin iyaye na yau da kullum yana barin tabon baƙin ciki da fargaba daidai da na yaron da ya tashi yana kallon ana dukan uwarsa, har ma ya zarce na duka shi kaɗai. A 2014 an duba bayanan yara 5,616 da ke karɓar kulawa a Amurka, aka iske waɗanda aka muzanta da baki da wulaƙanci suna cikin hali iri ɗaya da waɗanda aka daka, a wasu fannonin ma sun fi su shiga uku. A Landan kuwa, a 2011, an ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yaran da suka tashi cikin tashin hankali yayin da ake nuna musu fuskoki masu fushi. Sassan da ke hango haɗari sun kunnu kamar yadda ake gani a sojojin da suka dawo daga fagen daga. Shi ya sa irin wannan yaro yake gane yanayin uwarsa daga yadda silifas ɗinta ke bugun siminti, tun kafin ta ɗaga labule.

A ganina bambancin horo da zalunci ba a ƙarfin murya yake ba. Horo yana da dalilin da yaro ya sani, yana da iyaka, yana ƙarewa, kuma dokar jiya ita ce ta yau. A gidan da muke magana babu doka, sai yadda aka tashi. Abin da aka yi wa dariya ranar Talata shi za a fasa baki a kansa ranar Laraba. "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi" karin magana ce ta masu tarbiyya, kuma ba su ce a karya ba.

"Hajiya? Ai kowa ya san mutuniyar kirki ce"

Wannan ce ta fi yi wa 'ya'yan ciwo, don sau da yawa mai faɗar ba ƙarya yake ba. Ita ce kan gaba a gudunmawar biki, ita ce ta biya wa maƙwabciya kuɗin asibiti, ita ake kira uwar marayu. Alherin da ake gani tana yin sa. Wanda babu mai gani ne ba ta da shi. Idan 'yarta ta ci jarrabawa, "ni na tsaya mata." Idan ta faɗi, "so take ta kunyata ni a idon duniya." Idan 'yar ta kwanta ciwo, kafin yamma uwar ta fi ta ciwo. Idan aka tuna mata abin da ta faɗa jiya, sai ta dafe ƙirji: "Ni? Yaushe? Yanzu har sharri za ki fara yi min?" Shekara ashirin ana yi wa mutum haka, sai ya daina yarda da abin da kunnensa ya ji.

Likitocin ƙwaƙwalwa suna da suna ga matsanancin wannan hali. Ƙungiyarsu ta Amurka ta sanya larurar ji-da-kai cikin kundinta a 1980. Alamomi tara ne, sai mutum ya haɗa biyar: ganin kansa sama da kowa, ƙishin yabo marar ƙarewa, ganin komai haƙƙinsa ne, amfani da mutane don biyan bukata, rashin jin zafin wani, hassada, da makamantansu. Ba ta mata ba ce musamman, don rabi zuwa kashi uku cikin huɗu na waɗanda ake samu da ita maza ne. Wani babban bincike a Amurka kan manya kusan 35,000 ya samu kashi 6 cikin ɗari, wasu binciken kuma ba su wuce ɗaya ba. Abin da aka fi yarda da shi shi ne tana yawan tafiya tare da shaye-shaye.

A nan sai an yi hattara, don yanzu kowa ya zama likita a TikTok. Uwar da ta hana fita bayan magariba ba mai larura ba ce. Uwar da ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta wasa da shi gaban mutane, alkunya take yi irin ta iyayenmu, ba ƙiyayya ba. Akwai kuma matar da ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa, da wadda talauci da kishi da auren da ba ta so suka cinye. Ba kowace ce za a liƙa wa suna ɗaya ba, kuma ba a gano larura daga bakin mutum guda. Sai dai ɗan da aka cutar ba ya bukatar takardar likita kafin a yarda an cutar da shi.

Akwai hujjar da dangi ke ji da ita: "To ƙannenki me ya sa ba su ce haka ba?" Labarin Joan Crawford ya isa misali. Tauraruwar fina-finan Amurka ce, ta ci kyautar Oska, ta ɗauki yara riƙo, mujallu suna buga hotunanta a matsayin uwa abar koyi. Ta mutu a 1977, ta kuma cire manyan biyu, Christina da Christopher, daga wasiyyarta. A 1978 Christina ta fitar da littafin Mommie Dearest, inda ta ba da labarin shan giya da tashin tsakar dare da duka. Christopher ya gaskata ta. Ƙannensu tagwaye suka ce sam, su uwa mai ƙauna suka sani. Ba mu da hurumin yanke hukunci a kan gidan da ba mu kwana ba, amma saɓanin kansa ba baƙon abu ba ne. Irin wannan uwa takan ware 'yar lele ta kuma ware saniyar ware, wani lokaci ta sauya musu matsayi. Ɗaki ɗaya suka kwana, amma ba abu ɗaya suka gani ba, kuma kowannensu zai iya rantsuwa bai yi kaffara ba.

"Da kun yi mata biyayya da ta daina"

Ƙarya ce, kuma yaran sun riga kowa gaskata ta. Babbar 'yar gidan ita ce ke girki tun hannunta bai kai murfin tukunya ba, ta goya ƙani, ta ɓoye kwalba, ta tsiyayar da wata a kwata, tana ganin in ta ƙara ƙoƙari Umma za ta warke. Unguwa na yabonta, "yarinya mai hankalin manya," ba wanda ya tambayi inda ƙuruciyarta ta tafi. Ƙungiyar Al-Anon, wadda aka kafa a Amurka a 1951 don iyalan mashaya, da reshenta na matasa da ya biyo a 1957, darasin farko da suke koyarwa shi ne ba kai ka jawo shan ba, ba ka da ikon tsayar da shi, ba kuma kai ne maganinsa ba.

Jaraba larura ce da ke sauya aikin ƙwaƙwalwa, har jiki ya kasa tafiya sai da abin. Shi ya sa kulle mace a ɗaki ko kai ta gidan mari ganganci ne. Wadda ta daɗe tana shan giya, in aka yanke mata lokaci guda, tana iya faɗuwa da farfaɗiya cikin kwana ɗaya ko biyu, ta shiga ruɗewa da gane-gane a kwana na biyu ko na uku, kuma hakan na kisa. Haka ma ƙwayoyin barci irin su roci da dayazifam. Aikin asibiti ne: akwai na ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ana warkewa. Abin da ke hana mata zuwa kunya ce da tsoron saki. Ko a duniya baki ɗaya, kason mata a wurin magani bai kai kasonsu cikin masu shaye-shaye ba.

Sai dai kada a juya maganar ta koma "ai ba ita ba ce, ƙwaya ce." Akwai mashaya da yawa da ba su taɓa muzanta 'ya'yansu ba, akwai kuma wadda ta daina sha tsaf amma harshen yana nan. Larura tana bayyana dalili, ba ta goge haƙƙi.

"Yaro ne, zai manta"

A tsakiyar shekarun 1980 wani likita a San Diyego, Vincent Felitti, yana kula da masu rage ƙiba, sai ya lura waɗanda suka fi samun nasara su ne ke gudu. Da ya zauna da su, sai labaran ƙuruciya suka fara fitowa. Daga nan shi da Robert Anda na CDC suka tambayi manya sama da 17,000 tsakanin 1995 da 1997 game da masifu goma na ƙuruciya: duka, zagi, lalata, sakaci, mashayi a gida, mai taɓin hankali a gida, rabuwar iyaye, da sauransu. Mutanen nan ba matalauta ba ne, yawancinsu masu ilimi ne da aikin yi. Kusan biyu cikin uku sun gamu da aƙalla ɗaya. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun tashi da mai shaye-shaye a gida. Ɗaya cikin takwas ya haɗa huɗu ko fiye, kuma waɗannan sun ninka waɗanda ba su gamu da ko ɗaya ba kusan sau bakwai wajen zama mashaya, kusan sau goma sha biyu wajen yunƙurin kashe kai, kusan sau biyu wajen ciwon zuciya. Uwar da muke magana a kanta ita kaɗai tana iya cika wa yaro huɗun.

A wurinmu abin yakan fito da wata fuska. Amarya mai ba da haƙuri ko ba ta yi laifi ba. Magidanci da ƙarar buga ƙofa ke sa gabansa faɗuwa. Mai ciwon kai da ciwon ciki da an yi gwaji ba a ga komai ba. Sai a ce aljanu ne, ko sammu, ko baƙin hali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya irin wannan tabon na cutarwa mai tsawo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022, kuma ana maganinsa ta hanyar zama da masanin halayya.

"Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe"

Da wannan ake fasa aure. A je bincike, a dawo a ce uwar yarinyar 'yar ƙwaya ce, shi ke nan. Gado yana da hannu, ba musu: binciken tagwaye da na 'ya'yan riƙo ya nuna kusan rabin haɗarin kamuwa da jarabar giya daga jini yake, kuma 'ya'yan mashaya sun ninka sauran kusan sau huɗu. Wanda ya tashi a irin gidan ya kamata ya san haka, ya nisanci ko da ɗanɗano. Amma ninki huɗu na haɗari ba hukunci ba ne. Fiye da rabinsu ba sa zama mashaya.

Haka batun zalunci. A 1987 Joan Kaufman da Edward Zigler na Jami'ar Yel sun tattara binciken da aka yi, suka ƙiyasta kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka zalunta ne ke zaluntar nasu 'ya'yan. Adadi ne mai yawa, amma ka juya shi: bakwai cikin goma ba sa yi. Da yawansu ma tsoron zama irin uwarsu ne ke hana su barci, har su kasa tsawata wa yaro ko da ya kamata.

"Wanda ya faɗa ya saɓa wa Allah, kuma bakin uwa zai kama shi"

Wannan ita ce ƙofar da ta fi wuyar buɗewa, kuma ba da wasa za a taɓa ta ba. Matsayin uwa a Musulunci ba abin jayayya ba ne. Surar Isra'i ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye, Surar Luƙman ta tuna wahalar ciki da shayarwa. Amma surar Luƙman ɗin ce kuma ta raba abu biyu da muke cakuɗawa: ta hana bin iyaye a kan saɓo, ta kuma yi umarni da kyautata zama da su. Asma'u 'yar Abubakar, da mahaifiyarta ta zo mata Madina ba ta musulunta ba, an umarce ta da ta sada zumunci da ita. Kyautatawa wajibi ce ko uwa ta kasance yaya. Cewa abin da ya faru bai faru ba kuwa, babu inda aka wajabta shi.

Faɗa wa wanda zai taimaka ma ba gulma ba ce. Imam Nawawi a Riyadus Salihin ya kawo wurare shida da ya halatta a ambaci aibin mutum, ciki har da kai ƙarar zalunci da neman fatawa, kuma malamai suna kafa hujja da Hindu matar Abu Sufyan, wadda ta kai kukan rowar mijinta gaban Annabi (SAW). Game da baki kuwa, hadisi a Sahihu Muslim ya hana mutum yin mummunar addu'a a kan 'ya'yansa. Hanin yana nuna abin ba wasa ba ne, amma wadda ke cewa "Allah ya isa nonona" don an ƙi sayo mata kwalba ita ce ta taka dokar. Malamai da dama sun bayyana cewa addu'ar da aka gina a kan zalunci ba abar karɓa ba ce.

Shin sai an yanke alaƙa? A Yamma ana yawan ba da wannan shawara, amma ko can ba kasafai take ɗorewa ba. Wani bincike na Jami'ar Jihar Ohayo ya samu kashi 6 cikin ɗari ne suka taɓa yanke hulɗa da uwa, a kan kashi 26 da uba, kuma kusan takwas cikin goma na waɗanda suka yanke da uwa sun dawo daga baya. Tsakanin yankewa da miƙa wuya akwai fili. Akwai mai aika kuɗin cefane ta hannun ƙani, ko ma ta aika buhun shinkafa maimakon kuɗi don ta san inda kuɗin zai tafi. Akwai mai zuwa gaisuwa tare da kawu, don a gaban baƙo harshen yana laushi. Akwai wadda ba ta barin jikoki su kwana. Akwai wadda in zagi ya fara a waya sai ta ce, "Umma, Allah ya huci zuciyarki, zan sake kira," ta ajiye. Yafiya kuma in ta zo, ba ta nufin a koma inda hannu zai kai.

"Harkar gidansu ce, ba ruwanmu"

A tsibirin Kawai na Hawayi, Emmy Werner da Ruth Smith sun bi rayuwar duk yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Kusan 200 sun tashi cikin talauci da rikici, wasu da iyaye mashaya ko masu taɓin hankali. Kashi ɗaya cikin uku na waɗannan sun girma lafiya lau, wasu da suka yi tangal-tangal a samartaka kuma suka daidaita daga baya. Abin da ya yi ta maimaituwa a tarihin waɗanda suka tsira shi ne babba aƙalla guda da ya riƙe su da gaske: kaka, inna, yaya, malamin makaranta, wani lokaci maƙwabciya.

Fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke aiki da shi bai ɗauki renon yaro a matsayin abin da ba a taɓawa ba. Risala ta ba uwa haƙƙin reno bayan rabuwa, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, sannan kaka, sannan inna. Amma Mukhtasar na Halil ya gindaya sharuɗɗa, ciki har da hankali da amana, kuma masu sharhi sun ambaci mashayi ƙarara cikin waɗanda ba a bar wa yaro. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ma ta ba hukuma ikon shiga tsakani, kuma Kano ta sa hannu a kan tata dokar kare yara a 2023.

Kafin a kai ga kotu, muna da hanyar da ba ta tona asirin kowa, wato riƙo. Kaka ta zo ta ce, "Ba ni wannan ta taya ni kwana, ƙafata ta matsa min." Gwaggo ta ce makarantar unguwarsu ta fi kyau. Kowa ya san dalili, ba wanda ya faɗa. Riƙon ma yana da nasa azzaluman, don haka sai an duba hannun da za a saka yaro, kuma a riƙa leƙawa. In ɗauka ba ta yiwu ba, a bar ƙofa a buɗe lokacin cin abinci, a sanar da mai unguwa ko ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma idan an ga rauni a jiki, a kuma nemi wanda uwar ke jin nauyinsa ya raka ta asibiti.